Arctic na Manitowoc: jirgin katakon da aka yar a bakin Tabkin Mishigan

A arewa maso gabashin tashar jiragen ruwa ta garin Manitowoc, a gaɓar yamma ta Tabkin Mishigan a jihar Wiskonsin ta Amurka, akwai ragowar wani ƙaramin jirgin katako kwance a ƙarƙashin ruwa. Nisansa daga fitilar bakin tashar mil ɗaya da rabi ne, wato kamar kilomita 2.4, zurfin ruwan wurin kuma ƙafa 10 zuwa 15, mita 3 zuwa 4.5 ke nan. Sunansa Arctic. Guguwa ba ta kifar da shi ba, bai yi karo da kowa ba, babu kuma ran da ya salwanta a wurin. Masu shi ne suka kwance abin da yake da amfani a jikinsa a 1930, suka ja gangar zuwa gaɓa suka bar ta can, bayan ya yi musu aiki shekara 49.

Duk wanda zai fahimci wannan kufai na ƙarƙashin ruwa sai ya riƙe wannan a ransa. Jirgin da ya nutse a haɗari yakan tafi da komai nasa, har kwanonin abinci. Jirgin da aka yar kuwa hannu uku ne suka taɓa shi: hannun kafintocin da suka ƙera shi suka yi ta gyara shi, hannun waɗanda suka kwance shi, sai kuma ruwa da ƙanƙara da yashi da suka karɓe shi kusan shekara ɗari yanzu. Aikin mai bincike shi ne ya rarrabe aikin kowane hannu. In ya cakuɗa su, sai ya ga gurbin da aka cire inji ya ce ƙanƙara ce ta tumɓuke shi, ko ya ga facin gyara ya ɗauka haka aka ƙera jirgin tun farko.

Kamfanin Rand & Burger ne ya ƙera Arctic a Manitowoc a 1881, domin kamfanin sufuri na Goodrich, wanda manyan jiragensa na fasinja da kaya ke zirga-zirga tsakanin Shikago, Milwoki, Manitowoc da sauran garuruwan bakin tabkin. Tsawonsa da farko ƙafa 64 da rabi, faɗi kamar ƙafa 18, zurfin cikinsa kamar ƙafa 9. A mita, tsawo 19.7, faɗi 5.5. Kamar kwale-kwale yake in ya tsaya kusa da jiragen da yake ja. An yi shi ne don aiki biyu: ya ja manyan jirage ya shigar da su tasha ko ya fitar da su, ya kuma fasa musu ƙanƙara lokacin sanyi. Da zafi yakan zauna a Manitowoc, da sanyi kuma a kai shi Milwoki.

Bukatar jirgin ja ta samo asali ne daga yanayin tashoshin tabkin. Yawancinsu bakin kogi ne da aka yashe, aka yi masa katanga biyu da suka miƙe cikin tabki. Hanyar matsattsiya ce, kogin yana da kwana, ga gadoji da ake buɗewa. Babban jirgi ba ya jin akala sai yana tafiya da ɗan gudu, domin allon juya jirgi da ke bayansa yana aiki ne da ruwan da ke wucewa ta jikinsa. Da ya rage gudu sai iska ta mai da shi abin wasa. Ƙaramin jirgi mai babbar farfela da inji mai ƙarfi shi ke riƙe masa kai.

Aikin yana da haɗarinsa, kuma sanannen haɗari ne. Igiyar ja tana ɗaure ne a jikin wasu dirakun katako masu kauri da aka kafa har cikin ƙashin jirgin. Muddin igiyar na miƙe ta baya, lafiya lau. Amma in babban jirgin ya zarce da gudu, ko ya karkata, igiyar ta koma ta gefe, to ƙarfin da ke kanta sai ya kwantar da ƙaramin, ruwa ya shiga ta ƙofofin ɗakin inji, ya kife cikin ɗan lokaci kaɗan. Shi ya sa ake ajiye gatari kusa da dirakun, don a sare igiyar kafin ta kai ga haka.

Ƙirar jirgin katako na manyan tabkunan Arewacin Amurka, waɗanda Mishigan ke cikinsu, tana da tsari sananne. Ana fara shimfiɗa ƙashin baya, doguwar gungume da ta miƙe daga goshi zuwa wutsiya. A kanta ake jera haƙarƙari, kuma ba a yin haƙarƙari da itace guda, domin babu bishiyar da ta tanƙwara daidai yadda ake so. Guntaye ake yankowa a haɗa su layi biyu, gefe da gefe, yadda mahaɗar wannan layi za ta faɗa tsakiyar guntun ɗaya layin. Sai a ɗora wata gungumen a sama ta danne haƙarƙarin daga ciki, a huda su duka ukun a buga sandunan ƙarfe su ratsa. Daga nan a lulluɓe da falankai ta waje, a sake lulluɓewa ta ciki. Tsakanin falanki da falanki na waje ana barin ɗan tsagi, a cusa zaren tsohuwar igiya da aka jiƙa da kwalta, a buga da guduma har ya taurara, a shafe da kwalta. In jirgi ya shiga ruwa katakon ya kumbura ya matse zaren, sai yoyo ya tsaya.

Itacen da aka fi so shi ne farin ok, wanda dazukan yankin suka wadata da shi a lokacin. Dalilin yana cikin ƙwayar itacen. Jan ok yana da ƙananan hanyoyi a buɗe, har mutum na iya hura iska ta cikin guntunsa. A farin ok waɗannan hanyoyin a toshe suke, don haka ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, kuma yana jure ruɓewa.

Jirgin da zai shiga ƙanƙara sai an ƙara masa. Ana matso da haƙarƙarin goshi kusa da juna, a cike tsakaninsu da katako, a kuma lulluɓe goshin da gefen da ke daidai saman ruwa da faranten ƙarfe. Ba don ƙanƙara ta fi ok tauri ba ne, sai don tana kankare shi kamar yadda ake fere rogo, ta kuma zare zaren da ke cikin tsagi. Fasa ƙanƙarar kansa ja da baya ne da sake kawo sura: a ja jirgi baya tsawon jikinsa biyu ko uku, a buɗe tururi, goshin ya hau kan ƙanƙarar, nauyin jirgin ya karya ta, a sake komawa. Ƙanƙara shimfiɗaɗɗiya ba ita ce babbar wahala ba. Wahalar ita ce wadda iska ta koro daga tabki ta tara a bakin tasha, wani falle kan wani, wani lokaci har ta taɓa ƙasa. Abubuwa biyu ne suka fi lalacewa a irin wannan aiki. Na farko farfela: in ana ja da baya, ita ce ke fara cin karo da guntayen ƙanƙara, fiffikenta ya karye. Saboda haka aka riƙa yin farfelar da ake ɗaure kowane fiffike daban da noti, a sauya wanda ya karye kaɗai. Na biyu bututun da ke jawo ruwa daga tabki zuwa tukunya: garin ƙanƙara yakan toshe bakinsa, sai an hura masa tururi ya buɗe.

Wannan bututu ba ƙaramin abu ba ne, domin ran jirgin tururi yana cikin tukunyarsa. Wuta na ci a wani akwatin ƙarfe da ruwa ya kewaye, hayaƙi mai zafi ya bi ta cikin bututu masu yawa da ke nutse a ruwan, ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururi ya tura fistin a cikin silinda, fistin ya juya sandar farfela. Ruwa in ya zama tururi a sarari yakan kumbura kamar sau 1,700. Farantin da ke rufe saman akwatin wuta dole ne kullum ruwa ya lulluɓe shi. In ruwa ya yi ƙasa farantin ya fito, zai yi ja, ya yi laushi, matsin tururi ya lotsa shi, ruwan da ke ciki kuma ya koma tururi gaba ɗaya a lokaci guda. Fashewar tukunya ke nan, kuma ƙananan jiragen ja da yawa sun tafi ta haka tare da mutanensu. Maganin da aka yi shi ne wani toshi mai cike da ƙarfe mai saurin narkewa da ake ɗaurawa a farantin: in zafi ya wuce kima sai ya narke, tururi ya feso cikin wutar ya faɗakar da mai kula. Sai kuma ƙanzo. Ruwan Tabkin Mishigan yana da sinadarin farar ƙasa, ruwan kogi kuma yana da laka. Dukansu suna kwanciya a jikin ƙarfe su hana zafi wucewa zuwa ruwa, ƙarfen ya ƙone a ƙarƙashinsu. Don haka ake buɗe bawul na ƙasa a kai a kai a fitar da laka, a kuma kashe wuta lokaci-lokaci a shiga a kankare.

A 1898 aka kai Arctic wurin Burger & Burger, magadan kamfanin da ya ƙera shi, aka ƙara masa tsawon ƙafa 12, ya koma ƙafa 76 da rabi, wato mita 23.3. Ƙara wa jirgin katako tsawo aiki ne da aka saba da shi a wancan zamani, amma yana da tarko. Ana hawar da jirgi kan tudu, a yanke shi a tsakiya inda ya fi faɗi, inda haƙarƙari suka kusa zama iri ɗaya, a ja rabi ɗaya gaba, a sa sabuwar gungume a ƙashin baya, a jera sababbin haƙarƙari. Haɗin gungumen ba a yinsa kai da kai. Ana fere kowane ɓangare a karkace, tsawon karkatar ya ninka kaurin gungumen sau da yawa, a ɗora su a ɗaure. Falankai ma ba a yanke su a layi ɗaya: ana cire tsofaffi har nesa da wurin yankan, wani ya fi wani nisa, don kada mahaɗai su jeru a haƙarƙari guda. In suka jeru, jirgi ya samu wurin karyewa ke nan, kamar rake a gaɓarsa. A ganina wannan sashe na ƙafa 12 shi ne wuri mafi daraja a duk ragowar jirgin, domin kafintocin wancan lokaci da ido da ƙwarewa suke aiki, ba su cika barin zane a takarda ba. Abin da suka yi yana jikin katakon ne kawai.

Shekara 49 tsawon rai ne ga jirgin katako a ruwan daɗi. Mutane kan ɗauka ruwan gishiri ya fi cin jirgi, amma ga katako abin ya sha bamban. Abin da ke ruɓar da itace funfuna ce, tana kuma bukatar danshi da iska tare. Katakon da ke nutse kullum ba ya ruɓewa da wuri don babu iska, wanda ke bushe kullum ma haka don babu danshi. Wanda ke tsakani shi ke mutuwa: kawunan haƙarƙari, bakin daɓen sama, bayan falankan ciki inda ruwan sama ke tsiyaya iska kuma ba ta zagayawa. Gishiri yana hana funfuna, shi ya sa maƙeran tabkunan suka riƙa zuba gishiri a tsakanin haƙarƙari. A jirgin tururi kuwa ɗumin tukunya yana ƙara wa funfunar kuzari. Ga kuma ciwon ƙusa: ok yana da tsami a jikinsa da ke cin ƙarfe, tsatsar kuma ta ci katakon da ke kewaye da ita, ramin ya faɗaɗa, ƙusa ta yi sako-sako. Ƙari a kan haka, tsakiyar jirgi ta fi iya ɗaukar kanta a ruwa, goshi da wutsiya kuma sirara ne masu nauyi, don haka da shekaru sukan sunkuya, ƙashin baya ya yi doro, tsagogi su buɗe.

Jirgin da ya kai shekara 49 ke nan an sauya masa sassa da yawa, ba sau ɗaya ba. Kamfani yakan ci gaba da gyara muddin kuɗin gyara bai kai na sabo ba. A 1930 lissafin Arctic ya juya. Jiragen ja na ƙarfe sun riga sun zama ruwan dare, injin dizal ya fara shigowa, babban katakon ok ya yi wuya, kafintocin jirgi sun ragu. Kamfanin Goodrich kansa yana cikin matsi: motoci da tituna sun kwashe masa fasinja da kaya, ga karyewar tattalin arziki da ta fara a ƙarshen 1929. A watan Janairun 1930 aka mai da takardun rajistar Arctic ga hukuma, kuma kamfanin bai ƙara wasu shekaru masu yawa ba shi ma ya durƙushe.

Kwance jirgi irin wannan yana bin kuɗi ne. Ana fara cire tagulla da jan ƙarfe: bawul, ma'aunai, usur, ƙararrawa, bututu. Sai inji da famfuna, waɗanda sau da yawa akan sa wa wani jirgin. Sai ɗakin matuƙi, anga da sarƙa. Gangar katakon ita ce ba ta da mai saye, domin cike take da ƙusoshi masu karya zarto, kuma in aka bar ta a kogi ta nutse ta tare hanya. Hanya mafi arha ita ce a ja ta wajen tasha a kai ta ruwa marar zurfi. Wasu akan cinna musu wuta don a tsince ƙarfe. Gaɓar arewacin Manitowoc ta karɓi jirage da dama ta wannan hanya. Don haka rashin inji a irin wannan wuri ba asara ba ce ga mai bincike, shaida ce: ramukan noti da ke jikin gungumen da inji ya zauna a kai suna nuna girmansa da inda ya tsaya.

Ragowar Arctic a yau ta rabu gida biyu, da tazara a tsakani, wani sashe kuma yashi ya rufe shi. Zurfin ƙafa 10 zuwa 15 shi ne wuri mafi tsanani ga katako. Igiyar ruwa tana motsa ƙasa har zurfin da ya kai rabin tazarar da ke tsakanin igiya da igiya, don haka duk iskar gabas mai ƙarfi tana girgiza wurin. Da sanyi ƙanƙara na taruwa a gaɓa, ta kama abin da ya ɗago, ta ja shi in ta motsa. Jirgi yakan buɗe ne daga kwanar gindinsa, inda ƙasa ke tanƙwarawa ta zama gefe, domin nan ne mahaɗan haƙarƙari suka fi yawa. Gefuna su faɗi waje, ruwa ya ɗauke su ya kai wani wuri, gindi mai nauyi ya tsaya ya nutse cikin yashi.

Abin da ya sa ake samun wani abu ma shi ne ruwan kansa. A teku akwai wata tsutsa mai huda katako da ke cinye jirgi kamar yadda gara ke cin azara. Ba ta rayuwa a ruwan daɗi. Ruwan tabkin kuma yana da sanyi mafi yawan shekara. Yashi shi ne babban mai tsaro, domin abin da ya binne ba ya samun iska ko haske.

Sabon maƙiyi ya zo ne a ƙarshen shekarun 1980: wasu ƙananan halittu masu ƙumba, iri biyu, zebra da kwaga, 'yan asalin yankin Baƙin Teku (Bahar Aswad) na gabashin Turai, da suka iso cikin ruwan da manyan jirage ke ɗauka don daidaita nauyi. A manyan tabkunan yankin an fara ganin zebra a 1988, kwaga kuma a 1989. Suna manne wa katako da wasu zarurruka, su lulluɓe shi har ba a ganin mahaɗa ko kan ƙusa, in aka ɓamɓare su kuma su taho da fatar itacen. Sun tace ruwan ya yi garau, mai nutso yana gani nesa, amma abin da ya zo gani a rufe yake. Duk da haka sun zama ma'auni. A watan Mayun 2025 wani mai kamun kifi ya hangi ragowar wani jirgin ja a ruwa mai zurfin ƙafa 9 kusa da Manitowoc. Masu binciken Ƙungiyar Tarihi ta Wiskonsin suka tabbatar J.C. Ames ne, wanda Rand & Burger ɗin dai suka ƙera a 1881, shekara ɗaya da Arctic, babba mai inji mai ƙarfin doki 670, aka kuma yar da shi a 1923. Ƙarancin ƙumba a jikinsa ya nuna bai daɗe da fitowa daga yashi ba.

Mutum zai ce, tunda ruwan bai da zurfi, me zai hana a ɗago shi a kai gidan tarihi? An gwada a wannan tabki, an ga sakamako. Jirgin Alvin Clark, wanda ya nutse a 1864, an ɗago shi a 1969 kusan lafiyayye. Babu kuɗin adana shi yadda ya kamata, ya bushe, ya tsattsage, ya ruɓe, a 1994 aka rushe abin da ya rage. Katakon da ya daɗe a ruwa, ruwan ne ke riƙe da siffarsa, domin naman cikinsa ya zube. In za a fitar da shi sai an maye gurbin ruwan da wani sinadari mai kama da kakin zuma. Jirgin Vasa na Suwidin, da aka ɗago a 1961, shekara 17 aka yi ana fesa masa shi.

Saboda haka ake barin su a inda suke, doka ta tsare su. Dokar tarayya ta 1987 kan jiragen da aka yi watsi da su ta mallaka wa jihohi irin waɗannan da ke ƙasan ruwansu, dokar Wiskonsin kuma ta hana ɗaukar ko da ƙusa guda. An sa Arctic a Kundin Wuraren Tarihi na Ƙasa a 2018, kuma tun 2021 yana cikin yankin kariya na gaɓar Wiskonsin da NOAA, hukumar tarayya mai lura da teku da yanayi, ke kula da shi tare da jihar, mai faɗin murabba'in mil 962, da jirage 36 da aka sani lokacin kafa shi. Ana iya ziyara da ƙaramin kwale-kwale ko da ninƙaya ranar da ruwa ya kwanta. Ɓarnar da baƙi suka fi yi ita ce ta anga: in aka jefa ta cikin ragowar ta maƙale a haƙarƙari, wajen cirowa sai ta karya shi. A yashi ake jefa ta, nesa da katakon, ta ɓangaren da iska ba za ta ja igiyar ta bi ta kansa ba.

Aunawa kuwa da tef ake farawa. Ana miƙa shi bisa ƙashin baya daga goshi zuwa wutsiya a ɗaure, kowane mai nutso ya ɗauki yankinsa, ya auna nisan kowane abu daga tef ɗin, ya zana da fensir a takardar roba. Ana rubuta faɗi da kaurin kowane haƙarƙari, tazarar da ke tsakaninsu, kaurin falanki, irin ƙusa da yadda aka jera ta. Inda tazara ta sauya, ko ƙusa ta sauya iri, nan hannun wani kafinta ya shiga, kuma ta haka ake gane aikin 1881 da na 1898 da facin da ya biyo baya. Yanzu ana ƙarawa da ɗaruruwan hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar wurin. A ruwa marar zurfi hasken rana mai rawa a ƙasa yakan rikita kwamfutar, don haka an fi son ranar da gari ya lumshe. Kuma awo ɗaya ba ya isa a irin wannan gaɓa: sashen da aka zana bana yana iya kasancewa ƙarƙashin yashi baɗi, wani da ba a taɓa gani ba ya fito, sai a koma da tef ɗin bayan kowane sanyi mai tsanani.